Wutar da Ke Ɗaga Ƙarfe Zuwa Sama: Yadda Injin Roka Yake Aiki



A wani dare cikin kaka, tsakanin magariba da isha'i, muna zaune da almajirai a ƙofar zaure a nan Gadarif, sai ga wani ɗan haske ya keto daga kudu ya nufi arewa, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, ba ya kuma faɗuwa. Yara suka yi ta nuna shi. Muka ce musu tauraron ɗan'adam ne, hasken rana ne yake haska shi a can sama bayan ta faɗi a wurinmu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, to wa ya kai shi can?" Muka ce, "Roka." Da jin wannan kalma sai wani yaro da iyayensa suka yi gudun hijira zuwa garin nan bayan ɓarkewar yaƙi a 2023 ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. A saninsa roka abu ɗaya ce: ita ce ta faɗa gidan maƙwabtansu.

Wannan shirun ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Abin da ake kira roka da Hausa, saruk da Larabci, fusée da Faransanci, ya shiga kunnuwan 'ya'yanmu ta ƙofar tsoro. Muna ganin hakki ne a kanmu mu nuna musu ɗayar ƙofar, mu buɗe cikin injin mu ga sassansa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san yadda abu yake aiki, ya fi iya amfana da shi, ya kuma fi iya kare kansa daga sharrinsa.

Me ya haɗa manomin Gadarif da roka?

Arzikin wannan yanki dawa ce da riɗi, kuma noman na ruwan sama ne. Tun shekarun 1940 aka fara noma da tarakta a baƙar ƙasar nan, amma har yau idan damina ta yi jinkiri, tarakta ba ta da abin yi. Hasashen ruwan sama da ake karantawa a rediyo ya dogara ƙwarai ga hotunan gajimare da taurarin ɗan'adam ke aikowa, irin su jerin Meteosat na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 1977. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, da irin waɗannan hotuna take bin diddigin damina a ƙasashen Sahel. Da su kuma masu lura da fara suke gane inda ciyawa ta fito a hamada, wato inda fara za ta iya yin ƙwai.

Sudan ma tana da nata tarihin. A ranar 3 ga Nuwamba, 2019, aka harba tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar, mai suna SRSS-1, daga tashar Taiyuan ta ƙasar Sin, a kan roka ƙirar Long March 4B. An ƙera shi ne domin ɗaukar hotunan ƙasa, kuma noma na cikin abubuwan da aka ambata zai yi wa hidima. Najeriya ta riga mu, domin ta harba NigeriaSat-1 a Satumba 2003 daga Plesetsk ta Rasha. Duk waɗannan, da babu injin roka, da suna nan ajiye a ƙasa.

Dalili kuwa shi ne gudu. Kafin abu ya zauna yana kewaya duniya a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita, dole ya yi gudun kusan kilomita 8 a kowane sakan. Da irin wannan gudu, daga Gadarif zuwa Khartum, tafiyar kilomita kusan 400, ba za a cika minti ɗaya ba. Zuwa Makka kuwa kimanin minti biyu ne, tafiyar da kakanninmu suka share shekaru suna yi a ƙafa daga Kano da Sakkwato, har da yawansu suka yada zango a nan suka zama 'yan gari.

Tushen al'amarin: jefa abu baya, ka tafi gaba

Tambayar da aka fi yi mana ita ce: a can sama inda babu iska, me roka take tokara har ta ci gaba? Amsa ita ce ba ta tokarar komai a waje. Duk wanda ya taɓa tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓar kogi ya ga yadda kwalekwalen ke ja da baya. Duk maharbin da ya ɗana bindigar toka ya san yadda take dukan kafaɗa idan ta tashi. Idan ka tura abu zuwa wata fuska, shi ma yana tura ka zuwa ɗaya fuskar da ƙarfi daidai wa daida. Wannan ƙa'ida ce da Isaac Newton ya rubuta a 1687. Roka tana feso hayaƙi mai zafi ta baya da matsanancin gudu, hayaƙin kuma yana tunkuɗa ta gaba. Rashin iska ma taimaka mata yake yi, domin babu abin da ke tare bakin hayaƙin.

Kada wanda ya yi wannan tambaya ya ji kunya. A Janairun 1920 jaridar New York Times ta yi wa masanin Amurka Robert Goddard ba'a a kan wannan batu, tana ganin roka ba za ta yi aiki inda babu iska ba. Sai a Yulin 1969, lokacin da kumbon Apollo 11 ke kan hanyar zuwa wata, jaridar ta buga gyara ta amsa kuskurenta.

Sashe na farko: tankuna biyu

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. Shi ya sa maƙeri ke zuga gawayi da zugazugi, shi ya sa kuma injin tarakta ke da matatar iska. Tun da babu iska a sararin samaniya, dole roka ta tafi da guzurinta. Saboda haka tana da tankuna biyu: ɗaya na mai, ɗaya na oksijin ko wani sinadari mai ɗauke da shi.

Don oksijin ya shiga tanki da yawa, sai a sanyaya shi har digiri 183 ƙasa da sifiri, ya koma ruwa. Man kuwa iri-iri ne. Akwai kananzir da aka tace sosai, akwai haidurojin da aka mai da shi ruwa a digiri 253 ƙasa da sifiri. Rokar farko mai amfani da mai na ruwa, wadda Goddard ya harba ranar 16 ga Maris, 1926, fetur da ruwan oksijin ta sha. Ta yi sakan biyu da rabi a sama, ta kai tsawon mita 12 da ɗoriya, ta faɗo. Daga wannan ɗan tsalle aka fara.

Nauyin roka kusan duk na abin ƙonawa ne, sau da yawa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. Long March 4B tana da nauyin tan kusan 250 lokacin tashi, amma kayan da take iya kaiwa falakin da taurari masu ɗaukar hoto ke bi bai kai tan 3 ba. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, shi ya fitar da lissafin wannan a 1903, shekarar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Daga lissafinsa aka fahimci amfanin gina roka hawa-hawa: idan man hawa na farko ya ƙare, sai a yar da tankunansa da injinansa, kamar yadda matafiyi ba ya ci gaba da ɗaukar tulun da ya fashe. Rokar da ta ɗauki tauraron Sudan hawa uku gare ta.

Sashe na biyu: famfo mai farfela

A cikin ɗakin da wutar ke ci, matsi yana da tsanani. A injin F-1, wanda guda biyar ɗinsa suka ɗaga rokar Saturn V ta masu zuwa wata, matsin ya kai kusan ninki 70 na iskar da muke shaƙa. Tayar ƙaramar mota kuwa ninki biyu da ɗan wani abu ake ba ta. To, mai ba zai shiga irin wannan ɗaki don kansa ba, sai an cusa shi da ƙarfin da ya fi na ciki.

Wannan shi ne aikin famfo. Makanikan da suka san turbo na manyan motoci za su gane shi nan da nan. A mota, hayaƙin salansa ke juya wata farfela, ita kuma ta juya wata a kan sanda ɗaya, ta tura iska cikin inji. A roka ana ɗibar kaɗan daga man da oksijin a ƙona su a wani ƙaramin ɗaki na daban, hayaƙin ya juya farfela, farfelar ta juya famfuna biyu, na mai da na oksijin. Famfon injin F-1 guda ɗaya yana da ƙarfin doki 55,000, wato ya fi na taraktoci 700 masu ƙarfin doki 75 a haɗe. A kowane sakan yana tura kimanin tan 2.6, nauyin buhu 26 ke nan masu kilo ɗari-ɗari. Injina biyar, buhu 130 kafin ka ƙifta ido sau biyu.

Abin lura a nan, sanda ɗaya ce, gefe guda tana cikin hayaƙi mai zafin ɗaruruwan digiri, ɗaya gefen tana cikin ruwan oksijin mai daskarar da komai. Idan mai ya ɗiga ya haɗu da oksijin a wannan wuri, injin ya tarwatse. Don haka famfo na cikin sassan da suka fi wuyar ƙerawa, kuma ƙasashe kaɗan ne suka ƙware a kai.

Sashe na uku: farantin feshi

Manomi ya san idan famfon feshin magani ya toshe ya riƙa tsiyayo ruwa a dunƙule, aikin ya ɓaci. Direba ma ya san idan nozul ya lalace, motar dizal sai baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi. Haka yake a roka. A saman ɗakin ƙonawa akwai wani faranti mai ɗaruruwa ko dubban ƙananan huji kamar rariya. Wasu hujin na mai ne, wasu na oksijin, an karkata su yadda tsirkiyar ruwan za ta yi karo ta farfashe ta zama raɓa-raɓa, ta gauraya, ta ƙone nan take.

Idan gaurayar ba ta daidaita ba, wutar takan shiga kaɗawa, matsi ya riƙa hawa da sauka sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan, har ƙarfe ya narke cikin ƙiftawar ido. Wannan matsala ta addabi masu ƙera F-1 a farkon shekarun 1960. Sai da suka yi gwaji kimanin 2,000, suna ma tayar da ƙananan nakiyoyi a cikin injin yana ci don su ga ko wutar za ta koma daidai da kanta. A ƙarshe suka sa wa farantin wasu katangu na tagulla da suka raba fuskarsa gida-gida, suka kuma sake tsarin hujin, wutar ta natsu. Mahaƙurci mawadaci.

Kunna wutar ma da tasa dabarar. Rokokin Soyuz na Rasha an daɗe ana kunna su da wasu sanduna na katako da ake cusawa ta ƙasan injin, da abin tartsatsi a kansu, tamkar ƙatuwar ashana. Ita kuwa Long March 4B ba ta bukatar ashana, domin sinadaranta biyu da zarar sun haɗu sai su kama da wuta. Sauƙin ke nan. Aibinsu kuma guba ne mai kisa ga wanda ya shaƙa.

Sashe na huɗu: ɗakin ƙonawa

Nan ne zuciyar injin. Zafin cikinsa ya haura digiri 3,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali ƙarfe yana narkewa a 1,538, jan ƙarfe kuma a 1,085. Yaya ke nan bangon ba ya narkewa?

Uwar gida ta san amsar. Tukunyar dalma mai ruwa a ciki tana iya wuni a kan murhu, amma idan ruwan ya ƙone aka manta da ita, gindinta ya lalace. Ruwan ne ke kwashe zafin. Masu ƙera roka sai suka yi bangon ɗakin da siraran bututu jere da juna, ko kuma suka sassaƙa hanyoyi a cikin bangon. Kafin man ya isa farantin feshi, sai ya fara bi ta waɗannan hanyoyi, ya sanyaya bangon, shi kuma ya ɗumama. Zafin da zai halaka injin sai ya koma cikinsa ya zama ƙarin ƙarfi. A babban injin kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wato RS-25, bakin kaɗai bututu 1,080 ne, haidurojin mai tsananin sanyi na gudu a cikinsu, wuta na ci a gefensu.

Ƙarfin wannan ɗaki tsohuwar magana ce, kuma Musulmi na da hannu a tarihinta. A ƙarni na 13, Hasan al-Rammah na ƙasar Sham ya rubuta littafi a kan dabarun yaƙi, ya bayyana haɗe-haɗen albarushi da yadda ake tace gishirinsa. A ƙarshen ƙarni na 18 kuma, Haidar Ali da ɗansa Tipu Sultan na Maisur a Indiya suka yi amfani da rokoki masu jikin ƙarfe maimakon takarda ko gora. Ƙarfen ya jure matsi mai yawa, rokokin suka yi nisa. Bayan Turawan Ingila sun ci Tipu a 1799, sun kwashi samfurin zuwa ƙasarsu, William Congreve ya gina nasa a kai.

Sashe na biyar: maƙogwaro da baki

Wuta da matsi kaɗai ba sa ɗaga roka, sai an mai da su gudu. Idan yaro ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwa yakan fita da ƙarfi ya yi nisa. Haka ƙasan ɗakin ƙonawa yake tsukewa ya zama maƙogwaro, hayaƙi ya matsu yana ƙara sauri, har a daidai wurin da ya fi ƙunci ya kai gudun sauti.

Daga nan sai abin mamaki. Bayan maƙogwaro, bututun sake buɗewa yake yi kamar bakin algaita. Da ruwa ne, da gudunsa ya ragu. Amma hayaƙin da ya riga ya kai gudun sauti, idan aka ba shi fili, kumbura yake yi yana dukan bangon bakin, zafinsa da matsinsa na raguwa, gudunsa na ƙaruwa. Injin kananzir yana feso hayaƙi da gudun kusan kilomita 3 a sakan, na haidurojin ya haura 4. Wannan siffa injiniyan Suwidin Gustaf de Laval ne ya fito da ita a shekarun 1880, kuma ba don roka ya yi ta ba, don injin tururi ne. Goddard ya aro ta. Injinan hawa na sama, masu aiki inda babu iska, bakinsu ya fi faɗi da tsawo, domin a can hayaƙi na iya ci gaba da kumbura babu mai danne shi.

Ta wannan baki ake kuma tuƙi. Roka ba ta da sitiyari ko linzami. Injin ne ake rataye shi a kan wata mahaɗa mai juyawa, na'ura mai ƙwaƙwalwa tana karkata shi kaɗan dama ko hagu sau da yawa a sakan, kamar yadda yaro ke tsayar da sanda a tafin hannu ta hanyar motsa hannun a ƙarƙashinta.

Roka mai busasshen mai, da gargaɗi ga iyaye

Akwai wani nau'i mai sauƙin gini, wanda ba shi da tanki ko famfo. Ana cuɗa man da sinadarin oksijin su zama ƙullu kamar roba, a zuba a cikin bututun ƙarfe, a bar rami a tsakiya. Jikansa ne na albarushi, wanda shi ma gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai ɗauke da oksijin. Irin wannan injin idan aka kunna shi, ba a iya kashe shi sai ya cinye. Haɗarinsa ya bayyana ranar 28 ga Janairu, 1986, lokacin da wani zoben roba da ke toshe mahaɗar irin wannan injin ya ƙage saboda sanyi, wuta ta ɓullo ta gefe, kumbon Challenger ya tarwatse sakan 73 bayan tashi, mutum bakwai suka rasu.

Mafi yawan rokokin yaƙi na wannan nau'i ne, kuma a nan ne bayaninmu ya shafi kowane gida. Tun da man yana ɗauke da oksijin nasa, rufe shi da ƙasa ba ya hana shi ci, kuma yana iya shekaru a kwance bai mutu ba, ga kuma abin fashewa a kansa. Iyalai da ke komawa garuruwan da aka yi faɗa, da masu shiga gonakin da aka daɗe ba a noma ba, su ja kunnen yara: duk wani bututun ƙarfe da ba a san shi ba, kada a taɓa, kada a jefe shi, kada a sa masa wuta, kada a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. A yi wa wurin alama daga nesa, a sanar da hukuma. Rigakafi ya fi magani.

Ilimi amana ne

Ba za mu ɓoye wa 'ya'yanmu cewa tarihin wannan fasaha da jini a cikinsa ba. Rokar V-2 ta Jamus, wadda ita ce kakar manyan rokokin zamani, fursunoni ne aka tilasta wa ƙera ta a ramukan ƙarƙashin ƙasa a yaƙin duniya na biyu, kuma waɗanda suka mutu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe da faɗuwarta. Rokar da ta kai Sputnik sama a 1957 asalinta makami ce. Amma da irin injin nan ne Yarima Sultan bin Salman ya zama Musulmi na farko da ya je sararin samaniya a 1985. Da shi ne Sheikh Muszaphar Shukor na Maleshiya ya tafi a cikin Ramadan na 2007, bayan malaman ƙasarsa sun zauna sun tsara masa yadda zai yi salla da azumi a can. Maƙogwaro ɗaya ne, famfo ɗaya ne. Abin da aka ɗora a kai da niyyar mai ɗorawa su ne suka bambanta, kuma a kansu za a yi hisabi.

Yaƙi ya rufe makarantu na tsawon lokaci, da yawa a garin nan sun zama masaukin 'yan gudun hijira, yara sun yi asarar karatu mai yawa. Shawararmu ga iyaye ita ce kada a bar wannan giɓi ya zama dalilin yanke ƙauna. Duk abin da muka bayyana a sama lissafi ne da ilimin sinadarai da sanin ƙarfe, kuma farkonsu jadawalin sau ne da yaro ke haddacewa a aji uku. Yaron da ya iya haddace izu sittin, ba jadawali ne zai gagare shi ba. A bar 'ya'ya maza da mata su riƙe allo da safe, su riƙe littafin lissafi da rana.

Ga ɗan gwaji da za a iya yi a tsakar gida. A zura zare mai tsawo a cikin bututun biro, a ɗaure zaren tsakanin turaku biyu. A hura balan-balan, a riƙe bakinta, a manna ta a jikin bututun da salatif, sannan a sake ta. Iska za ta fita baya, balan-balan ta ruga gaba a kan zaren. Jikinta shi ne ɗakin matsi, wuyanta shi ne maƙogwaro.

Mun yi wannan gwaji da almajiran nan washegari. Yaron da ya yi shiru a daren jiya shi ne ya riƙe bakin balan-balan ɗin, shi ne kuma ya nemi a sake har sau uku. Daga baya ya tambaye mu ko za ta fi gudu idan aka ƙara tsuke bakin. Muka ce ya gwada ya gani, ya kuma auna da taku.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mai da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa ilimin 'ya'yanmu ya zama mai amfani ga bayinSa. Amin.